Tsohon Rubutunka Yana Nan, Yana Jiran Ranar da Za a Kira Sunanka

A watan Agusta na 2023, Bosun Tijani ya tsaya a zauren Majalisar Dattawa a Abuja ana tantance shi domin zama minista. Mutum ne da ya yi suna a harkar fasahar zamani, yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar CcHub a Legas. Amma da wani sanata ya miƙe, bai tambaye shi karatunsa ko ƙwarewarsa ba. Sai ya ɗauko wani saƙo da Tijani ya wallafa a Twitter tun 2019, inda ya yi kakkausan ƙorafi kan abin da zama ɗan Najeriya yake jawo wa mutum, ya karanta shi a bainar jama'a, ana haskawa a talabijin. Aka kuma tuno masa wani saƙon da ya zagi sanatoci a cikinsa, su ɗin nan da yake tsaye a gabansu yana neman amincewarsu. Ya ce cikin ɓacin rai ya rubuta, ya ba da haƙuri, aka haƙura, ya zama ministan sadarwa.

Shi ya sha, domin shugaban ƙasa ne ya aika da sunansa, kuma an ba shi damar buɗe baki ya kare kansa. Kai da kake neman aikin koyarwa a jami'a, ke da kike neman gurbi a banki ko a wata ƙungiyar agaji, ko tallafin ƙaro karatu a waje, babu wanda zai kira ku ku yi bayani. Wani ma'aikaci zai rubuta sunanka a waya, ya yi minti biyar yana gangarawa cikin shafinka, ya ture takardunka gefe, ya jawo na gaba. Ba za ka taɓa sanin dalili ba. Za ka yi ta zargin rashin uwa a gindin murhu, alhali hannunka ne ya rufe maka ƙofar tun shekara goma da suka wuce. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin lamarin, kuma shi ya sa nake wannan gargaɗi.

Mu tuna yadda muka shigo. Da yawanmu da 2go muka fara, a ƙananan wayoyin Nokia, daga nan muka koma Facebook muna 'yan shekara sha bakwai, sha tara, ashirin da ɗoriya. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce wannan wuri kasuwa ce mai rijista. Mun ɗauke shi tamkar dakalin ƙofar gida, inda ake faɗin magana iska ta kwashe. Sai ga rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, sai zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairun 2012, sai shekarun tashin bama-bamai, sai zaɓen 2015, sai zanga-zangar EndSARS a 2020, sai zaɓen 2023. A kowace irin wannan gaɓa jini ya hau, kuma mun rubuta abin da jini ya faɗa mana. An yi wa ƙabilu kuɗin goro. An kafirta juna saboda saɓanin ɗariƙa da izala. An zagi iyayen mutane saboda jam'iyya. An yi wa mata barkwancin da ba za a iya maimaita shi a gaban uwa ba. An yaɗa hotunan gawarwaki da labaran da babu wanda ya tabbatar. Wasu sun yi murna da mutuwar wasu a rubuce, da sunansu da hotonsu a sama.

Ban cire kaina ba. Wata safiya Facebook ya ɗauko mini abin da na rubuta a 2012, cikin tunatarwar da yake yi ta abin da mutum ya wallafa a rana irin ta yau. Musu ne ya haɗa ni da wani abokin karatuna kan siyasa, na koma shafina na kama sunansa, na jingina masa abin da ban da hujja a kansa, na haɗa da garinsu. Na daɗe ina kallon rubutun. Na manta da shi sarai, amma shi yana nan a buɗe, kowa na iya gani, shekara da shekaru.

Abin da ya sa haɗarin yake ƙaruwa yanzu a fili yake. Yaran da suka yi waɗancan rubuce-rubuce su ne yau 'yan talatin da biyar, 'yan arba'in. Su ne ake ɗauka lakcarori, ake naɗawa kwamishinoni da mashawarta, ake ba limancin masallatan Juma'a, ake tura wa takardar gayyata zuwa taro a ƙasashen waje. Kuma tone-tone ya zama sana'a. Sojojin baka na dā a rediyo suke, sai sun dogara da abin da suka tuna. Na yanzu, waɗanda ake kira 'yan data, akwatin bincike gare su. Da an sanar da naɗin mutum, kafin magariba an rubuta sunansa tare da kalmar "arne" ko "ɓarawo" ko sunan wani gwamna, an fito da duk inda ya taɓa haɗa su. Ba sai maƙiyi babba ba ma. Abokin takararka a ofis, wanda kuke neman kujera ɗaya, ya isa.

Akwai wasu katangu biyu da mutanenmu suke fakewa a bayansu, kuma duk sun rushe. Ta farko ita ce Hausa. Mutum yana ganin tunda da Hausa ya yi zagin, Bature ko ɗan kudu ba zai gane ba. Tun 2013 Google ya saka Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, yau kuma Facebook da kansa yana ajiye maɓallin fassara a ƙarƙashin rubutu. Abin takaicin ma shi ne injin ba ya gane wasa. Wasan Kanawa da Zazzagawa, ko na Fulani da Barebari, wanda mu mun san tushensa, idan ya bi ta cikin injin fassara zai fito a matsayin tsagwaron ƙiyayya, kuma mai karantawa ba zai nemo Bahaushe ya yi masa bayani ba. Katanga ta biyu sunan bogi ce. Shafin yana ɗaure da lambar waya, lambar waya kuma tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta ɗaure ta da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Ko ba a je nan ba, abokanka, salon maganarka, da hoton bikin ƙanwarka da ka taɓa sakawa sun isa su nuna ko kai wane ne.

Kada wani ya ce ai yarinta ce, kowa zai fahimta. A Ingila, a watan Yunin 2021, wani ɗan wasan kurket mai suna Ollie Robinson ya buga wa ƙasarsa babban wasa na farko a filin Lord's da ke Landan, ranar da ya yi shekaru yana jira. Yana cikin fili aka baza saƙonnin wariyar launin fata da cin zarafin mata da ya rubuta a 2012 da 2013, yana ɗan shekara 18 zuwa 19. A yammacin ranar ya tsaya yana karanta takardar ban haƙuri, bayan wasan aka dakatar da shi. A Amurka, a watan Maris na shekarar, an naɗa Alexi McCammond shugabar editocin mujallar Teen Vogue tana da shekara 27. Aka dawo da saƙonnin da ta rubuta a 2011 tana 'yar shekara 17, na izgili ga mutanen Asiya. Ba ta ko fara aikin ba ta bar shi. Kada kuma a ce ai a guruf na sirri na faɗa. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin karatun da ta riga ta ba aƙalla ɗalibai goma saboda ƙazaman hotunan barkwanci da suka riƙa tura wa juna a wani rufaffen guruf na Facebook. Guruf mai mutum ɗari ba sirri ba ne, waya ɗari ce mai ɗaukar hoton allo.

Ga masu neman fita waje, abin ya wuce tsegumi, ya zama doka. Tun 2019 fom ɗin neman bizar Amurka yake tambayar sunayen shafukan sada zumunta da mutum ya yi amfani da su cikin shekara biyar. A watan Yunin 2025 aka ƙara da cewa masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu yadda jami'ai za su iya gani. Ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya fito ya ja kunne cewa ɓoye wani shafi na iya jawo a hana mutum biza, har ya shafi neman da zai yi nan gaba. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana fafutukar samun gurbin digiri na biyu zai iya rasa komai saboda wani bidiyo da ya yaɗa ba tare da ya gama kallonsa ba.

A gida ma mun gani. A watan Afrilun 2021, tsofaffin karatuttukan da Isa Ali Pantami ya yi shekaru da dama kafin ya zama minista suka dawo suka cika intanet, aka yi ta kiran ya sauka. Sai da ya fito ya ce wasu daga cikin maganganun ya yi su ne yana matashi, kuma fahimtarsa ta sauya, fadar shugaban ƙasa kuma ta tsaya masa. Duk ɓangaren da mutum ya tsaya a waccan taƙaddama, darasin da ke ciki ga almajiran ilimi masu ɗora karatu a TikTok da YouTube yau ɗaya ne: sautin da ka naɗa kana ɗan ashirin zai iya riskar ka kana ɗan hamsin, an yanke masa kai da ƙafa, an bar daƙiƙa talatin mafi zafi. Sai kuma ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a watan Nuwamban 2022 saboda saƙon da ya rubuta kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin tun watan Yuni. Ni a wurina kamun zalunci ne, kuma na yi murna da aka janye ƙarar aka sake shi. Amma a lura da tazarar: wata biyar bayan ya rubuta, lokacin da wataƙila ya manta, aka zo. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu rubutu, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya a gaban alƙali.

To, yaushe ake sharar tsofaffin rubuce-rubucen? Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da Joe Biden ya zaɓi Neera Tanden ta jagoranci ofishin kasafin kuɗi na fadar White House a ƙarshen 2020, an gano ta goge saƙonni sama da 1,000 daga shafinta na Twitter, da yawansu na sukar sanatocin da za su tantance ta. Gogewar kanta ta zama labari. A zaman tantancewa aka karanto mata abin da ta goge, a watan Maris na 2021 ta janye. Wanda ya tashi shara bayan an ambaci sunansa ya makara, domin masu tone-tone sun riga shi, kuma gogewar tasa ta zama shaida ta biyu a kansa: ya faɗa, kuma ya yi ƙoƙarin ɓoyewa. Sharar da take da amfani ita ce wadda aka yi lokacin da babu mai kallo, lokacin da ba ka neman komai a wurin kowa. Wato yanzu, a wannan makon.

Ba zan yaudare ku ba, gogewa ba ta da tabbas. McCammond ɗin nan ta goge saƙonninta ta nemi afuwa tun 2019, amma wani ya riga ya ɗauki hotonsu ya adana. A watan Yunin 2021 kamfanin Twitter da kansa ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, abin da ya kai ga rufe dandalin a Najeriya har zuwa Janairun 2022, amma saƙon yana nan a jaridu ga duk mai son karantawa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya tattara duk saƙonnin Twitter na fili daga 2006 zuwa ƙarshen 2017. Akwai kuma rumbun Wayback Machine da ke ajiye kwafin shafukan intanet tun 1996. Sai dai kada wannan ya sa ka naɗe hannu. Waɗancan fitattun mutane ne, idanu na kansu. Kai da ba a san ka ba tukuna, mai yiwuwa kwafin da ke shafinka shi ne kaɗai wanda mai nema zai iya samu cikin sauƙi. Rashin shahararka a yau dama ce, kuma ranar da aka san ka ta ƙare.

Aikin yana da wahala, gara a faɗa. Ka fara da sauke kwafin dukkan bayananka, Facebook da X (wato Twitter) da Instagram duk suna ba da wannan dama a cikin saitinsu, domin kada ka yi asarar hotunan iyaye da na 'ya'ya garin gaggawa. Sannan ka shiga kundin ayyukanka na Facebook ka bi shi shekara-shekara, ka fi tsayawa a watannin zaɓe da na rikici. Abin da ka jefa kwandon shara yana kwana talatin kafin ya tafi gaba ɗaya. Akwai kuma saitin da ke mayar da duk tsofaffin rubuce-rubucen da kowa ke gani su koma na abokai kaɗai a lokaci guda, amma wannan rufe tukunya ne kawai, abin da ya ruɓe yana ciki. Inda aka fi mantawa shi ne sharhin da mutum ya yi a ƙarƙashin labaran manyan kafafen yaɗa labarai da shafukan 'yan siyasa da na taurarin fim. A can ne muka fi sakin baki, kuma can ɗin ba shafinka ba ne, rufe naka ba ya rufe shi, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ka duba abin da ka danna wa alamar so, da hotunan da aka liƙa sunanka a jiki. Ka rubuta sunanka a Google da duk yadda ake rubuta shi, Muhammad da Mohammed, A'isha da Aishat, ka ga abin da baƙo yake gani.

Tsofaffin shafukan da aka yi watsi da su sun fi komai haɗari. Mutum ya buɗe shafi a 2010 da wani layi, layin ya ɓata, ya buɗe sabo ya ci gaba da rayuwarsa. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, wanda ya saya kuma zai iya karɓar lambar shiga tsohon shafinka, ya yi damfara ko batsa da sunanka da fuskarka. Ka nemo su, ka dawo da su hannunka, ka rufe su.

A cikin sharar ma akwai ramuka. Kada ka miƙa kalmar sirrinka ga wani yaro a kasuwar waya ko wata manhaja da ba ka san masu ita ba don sun ce za su goge maka komai a dare ɗaya. Ka ba su mabuɗin ɗakinka ke nan, har da saƙonninka na sirri, kuma daga nan ake fara karɓar kuɗin rufin asiri. Idan rubutunka ya riga ya shiga hannun 'yan sanda ko kotu, kada ka taɓa shi sai ka ga lauya, domin lalata shaida wani laifin ne na daban. Idan kuma fom ya tambaye ka shafukan da ka yi amfani da su, ka rubuta har da wanda ka rufe. Tsohuwar wauta ana iya yi mata bayani, ƙaryar da ka sa wa hannu jiya ba ta da bayani.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai koyar da tsoro ne da munafunci, mutum ya tsaya a kan maganarsa mana. Ina girmama wannan magana, kuma ba na kiran kowa ya goge gaskiya. Idan ka rubuta cewa asibitin garinku babu magani, ko an sace kuɗin gina makaranta kuma kana da hujja, ko ka yi kuka kan kashe-kashen Zamfara da Katsina, bar shi, ka tsaya a kansa ko da zai hana ka wani muƙami. Ƙasar nan tana buƙatar masu irin wannan rubutu fiye da yadda take buƙatar masu neman kujera. Haka kuma ɗan siyasar da ya yi wa jama'a alkawari ko ya ɗauki matsaya, sannan ya bi dare ya goge don ya sauya sheƙa, ba shi nake ba shawara ba, jama'a suna da haƙƙin tuna masa. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Idan aka karanta rubutun da ƙarfi a gaban mahaifinka, da ɗalibanka, da maƙwabcinka Kirista ko ɗan wata ɗariƙa, za ka iya cewa e, ni na faɗa, kuma har gobe haka nake gani? Idan za ka iya, bar shi. Idan kanka zai sunkuya, to me yake yi a can har yanzu da sunanka a kai? Barin zagin da ka daina yarda da shi ba jarumta ba ce. Kullum yana nan yana ci gaba da cutar wanda aka zaga, yana kuma koya wa ƙannenka cewa haka ake yi.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da maɓallin gogewa ba ya iyawa. Yana cire rubutu daga allo, ba ya cire haƙƙi daga wuya. Yarinyar da aka yaɗa hotonta aka yi mata ƙazafi har aurenta ya lalace, malamin da aka jingina wa abin da bai faɗa ba, ɗan kasuwar da aka ce kayansa na jabu ne ba tare da hujja ba, duk suna nan da ransu, kuma da yawansu lambarsu tana cikin wayoyinmu. Wanda ya goge don kare aikinsa kawai, ya bar waɗannan da tabonsu, ya tsare mutuncinsa a idon ma'aikata ne, bai biya bashin ba.

Ni da na goge nawa na 2012, na yi kwana uku ina juya lambar abokin nan kafin na kira. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce masa, Malam, akwai wani abu da na rubuta a kanka shekarun baya, ƙarya na yi maka, na goge, ina roƙon ka yafe mini. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya karanto mini jimlar farko ta rubutun da ka, bai yi kuskuren kalma ɗaya ba. Ya ce wani ƙanin mahaifinsa ya gani a lokacin, har ya kira shi ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce hoton rubutun yana cikin imel ɗinsa, ya tura wa kansa tun ranar. Daga nan ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, kuma in ya koma gida da daddare zai nemo shi ya goge.